Tarihin Hukumar Zari-Ruga ta New South Wales da Gasanninta

Hukumar New South Wales Rugby League, wadda ake taƙaita sunanta da NSWRL, ita ce mai kula da wasan ƙwallon zari-ruga na 'yan wasa 13 a jihar New South Wales ta ƙasar Ostareliya. An kafa ta a birnin Sidni ranar 8 ga Agusta, 1907, kuma babu wata hukumar wannan wasa a ƙasar da ta girme ta. Daga 1908 zuwa 1994, babbar gasar kulob-kulob ta Ostareliya a hannunta take. A yau wannan gasa ta koma hannun hukumar ƙasa, ita kuwa NSWRL ta riƙe tawagar jiha, da gasannin matasa da na mata, da na kulob-kulob masu bi wa manya, da wasannin karkara. Duk wani babban sauyi da hukumar ta gani a tsawon tarihinta, in an bi diddigi, za a tarar ya danganci inda kuɗin wasan ke fitowa da kuma wanda ke da iko da shi.

Asalin wasan

Zari-ruga iri biyu ne. Akwai na Yuniyon mai 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, akwai na Lig mai 13. Da can wasa ɗaya ne. Rabuwar ta faru ne a arewacin Ingila, inda galibin 'yan wasan ma'aikatan masaƙu ne da masu haƙar kwal. Ranar Asabar ake wasa, kuma ranar aiki ce, don haka duk wanda ya fita fili ya yi asarar ladan wuni. Kulob-kulob na arewa suka nemi a yarda su riƙa biyan 'yan wasa abin da suka rasa, shugabannin wasan da ke Landan suka ƙi, a kan cewa wasa na sha'awa ne, ba sana'a ba. Ranar 29 ga Agusta, 1895, kulob-kulob na arewa suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle, suka kafa hukumarsu mai suna Northern Union.

Sannu a hankali sabuwar hukumar ta sauya dokoki don wasan ya ƙara sauri ya jawo 'yan kallo. A 1906 ta rage 'yan wasa zuwa 13, ta kuma kawo dokar da ta zama tambarin wasan: idan aka kayar da mai riƙe da ƙwallo, sai a sake shi ya tashi, ya ajiye ƙwallon a ƙasa, ya tura ta baya da ƙafa zuwa ga abokin wasansa. Babban ci shi ne ɗan wasa ya ratsa abokan karawa ya dire ƙwallo a bayan layinsu.

Kafuwar hukumar a Sidni

A farkon ƙarni na 20 zari-rugan Yuniyon ne ke tashe a Sidni. Dubban mutane na biyan kuɗin shiga kallo, asusun hukuma na cika, 'yan wasa kuwa ko sisi. Abin da ya ƙara hura wutar shi ne raunin da wani ɗan wasa mai suna Alec Burdon ya ji a 1907. Ya yi makonni ba ya iya zuwa aiki, kuma babu wanda ya biya shi diyya. Maganar ta zama abin tattaunawa a shagon kayan wasanni na Victor Trumper, shahararren ɗan wasan kurket, inda 'yan wasa ke yawan haɗuwa.

A daidai wannan lokaci wani ma'aikacin gidan waya a Wellington, Albert Baskerville, yana haɗa tawagar 'yan Niyu Zilan da za ta je Ingila ta yi wasa don kuɗi. Wani ɗan kasuwa, James Giltinan, ya gayyace su su yada zango a Sidni. Don a samu wanda zai karɓe su ne aka yi taron otal ɗin Bateman da ke titin George, inda aka kafa hukumar da sunanta na farko, New South Wales Rugby Football League. Henry Hoyle, ɗan siyasa, ya zama shugaba, Giltinan sakatare, Trumper ma'aji.

Babban kamun da suka yi shi ne Herbert Messenger, wanda aka fi sani da Dally, ɗan wasan da ya fi kowa suna a ƙasar a lokacin. Ya buga wasanni uku da baƙin a watan Agusta, da dokokin Yuniyon ma, domin babu wanda ya san sababbin dokokin tukuna, sannan ya bi su Ingila. Hukumar Yuniyon ta kori duk wanda ya shiga waɗannan wasanni. Korarrun su ne suka zama harsashin sababbin kulob-kulob.

Kakar farko da rikicin 1909

An fara gasar ranar 20 ga Afrilu, 1908. Kulob tara ne suka buga kakar farko: Glebe, Newtown, South Sydney, Balmain, Eastern Suburbs, Western Suburbs, North Sydney, Newcastle da Cumberland. A wasan ƙarshe South Sydney ta doke Eastern Suburbs da maki 14 da 12, duk da cewa gwanayen ɓangarorin biyu sun riga sun hau jirgin ruwa zuwa Ingila tare da tawagar ƙasa ta farko, wadda ake kira Kangaroos. Wannan tafiya ta zo da asara. Sanyi da yajin aiki a arewacin Ingila suka hana mutane zuwa kallo, Giltinan ya karye, kuma a 1909 aka kawar da shi da Hoyle da Trumper daga shugabanci.

Hukumar na gab da durƙushewa sai wani attajiri, James Joynton Smith, ya sa kuɗinsa aka janyo gwanayen tawagar ƙasa ta Yuniyon, wato Wallabies, ciki har da Chris McKivat, don su kara da Kangaroos. Da wasanni uku suka kasa mayar da kuɗin da aka kashe, aka shirya na huɗu, aka kuma sa wasan ƙarshe na gasar kulob-kulob ya zama share fage gare shi. Balmain ta ga wannan ƙasƙanci ne, ta ƙi fitowa. Su kuwa 'yan South Sydney suka shigo fili cikin rigunansu, suka jera, alƙalin wasa ya busa usur, suka buga ƙwallo zuwa ɓangaren da babu kowa, suka bi ta, ɗayansu ya ɗauka ya dire a bayan layi. Aka ba su kambu. Magoya bayan Balmain sun daɗe suna cewa an yi alkawari ne kowa ya ƙaurace, aka yaudare su, kuma gabar da ke tsakanin kulob ɗin biyu daga nan ta samo tushe.

Duk da wannan abin kunya, dabarar ta yi aiki. Yuniyon ta rasa taurarinta, kuma da tawagar Birtaniya ta kawo ziyara a 1910, jama'a suka yi cincirindo. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya hukumar Yuniyon ta dakatar da manyan gasanninta, ita kuwa ta Lig ta ci gaba. Kafin yaƙin ya ƙare, Lig ya zama wasan hunturu na Sidni.

Zamanin unguwanni

Ginshiƙin gasar a shekaru hamsin na farko shi ne dokar mazauni: ɗan wasa zai buga wa kulob ɗin yankin da yake zaune ne kawai. Wannan ya sa kulob ya zama tutar unguwa. Mai goyon baya ya san ɗan wasan a tashar jirgin ruwa ko a masana'anta, ya san gidansu. Amma dokar ta kashe wasu kulob-kulob, domin da masana'antu suka cinye tsofaffin unguwannin tsakiyar gari, mutane suka ƙaura, sai aka rasa 'yan wasa. Kulob ɗin Annandale ya fita a 1920, aka cire Glebe a 1929. Kulob ɗin Jami'ar Sidni, wanda ya shigo a 1920 bai kuma taɓa biyan 'yan wasansa ba, ya janye a 1937. Sababbin shiga sun biyo inda birnin ke faɗaɗa: St George a 1921, Canterbury-Bankstown a 1935, Manly-Warringah da Parramatta a 1947.

Eastern Suburbs, da Messenger a cikinta, ta lashe gasar a 1911, 1912 da 1913, ta mallaki garkuwar farko ta dindindin, ta kuma ba shi kyautarta. Balmain ta ci sau biyar tsakanin 1915 da 1920. North Sydney ta ci a 1921 da 1922, daga nan ba ta sake ba. South Sydney ta jera biyar daga 1925 zuwa 1929. A 1935 Dave Brown na Eastern Suburbs ya dire ƙwallo sau 38 a kaka ɗaya, a shekarar da sabuwar shiga Canterbury ta sha kashi a hannun St George da maki 91 da 6. Bayan shekara uku kacal Canterbury ɗin ta ɗauki kambu.

Mutumin da ya riƙe hukumar a yawancin wannan zamani shi ne Harry Flegg, wanda ake wa laƙabi da Jersey. Ya buga wasan ƙarshe na 1908, sannan ya shugabanci hukumar daga 1929 har rasuwarsa a 1960. A zamaninsa aka fara ba zakara Garkuwar Giltinan a 1951, aka kuma wajabta babban wasan ƙarshe daga 1954.

Injinan caca da mulkin St George

A 1956 gwamnatin New South Wales ta halatta injinan caca a gidajen shaƙatawa na ƙungiyoyi. Kulob-kulob na zari-ruga suka gina irin waɗannan gidaje, ribar da aka samu ta riƙa komawa wajen sayen 'yan wasa. Daga nan kuɗin ƙofa ya daina zama shi kaɗai ne abin dogaro, dokar mazauni ma ta faɗi wajajen 1960. Kulob mai babban gidan shaƙatawa ya samu damar ɗauko gwani daga karkara, daga Queensland, har daga Ingila.

Babu wanda ya ci moriyar wannan kamar St George. Ta lashe gasar sau 11 a jere, daga 1956 zuwa 1966, da 'yan wasa irin su Norm Provan, Reg Gasnier, Johnny Raper da Graeme Langlands. Wasan ƙarshe na 1963 da Western Suburbs an yi shi ne cikin ruwan sama a filin kurket na Sidni, fili ya zama taɓo har ba a iya bambanta riguna. St George ta ci 8 da 3. Ana tashi, mai ɗaukar hoto John O'Gready ya kama kyaftin ɗin biyu suna rungumar juna: Provan dogo, ƙaton mutum, ya sunkuyo, Arthur Summons gajere yana ɗaga kai, dukansu caɓa-caɓa da laka tun daga gashi har takalmi. Wannan hoto ne aka ƙera kofin gasar da siffarsa daga 1982, kuma kofin da ake bayarwa a yau yana ɗauke da sunayen mutanen biyu. A 1965 mutum 78,056 suka shiga filin don kallon St George da South Sydney, wasu har a kan rufin rumfuna.

Salon St George shi ne riƙe ƙwallo. A dokar lokacin, ƙungiya na iya riƙe ta ko sau nawa aka kayar da 'yan wasanta, muddin ba ta suɓuce ba. A 1967 aka ƙayyade kayarwa huɗu, a 1971 aka mayar da ita shida, wadda ake bi har yanzu. A shekarar da dokar ta fara aiki mulkin St George ya ƙare, South Sydney ta karɓa, aka kuma nuna wasan ƙarshe kai tsaye a talabijin karo na farko. Cronulla-Sutherland da Penrith ma a 1967 suka shigo.

Ƙaruwar kuɗi ta tayar da tsohuwar tambayar haƙƙin ɗan wasa. A tsarin da ya maye gurbin dokar mazauni, kulob na iya hana ɗan wasa tafiya ko da kwantiraginsa ya ƙare. Dennis Tutty na Balmain ya ƙi yarda, ya zauna bai buga ba, har kambun 1969 ya wuce shi, ya kai ƙara. A 1971 Kotun Ƙolin Ostareliya ta yanke cewa tsarin tauye wa mutum hanyar neman abinci ne. Hukumar da aka kafa don kare ɗan wasa, sai ga ta kotu na tilasta mata ta sakar masa mara.

Karawar jihohi

Tun 1908 New South Wales ke karawa da maƙwabciyarta Queensland. Wasan farko ta ci 43 da nema, kuma sai a 1922 Queensland ta fara yin nasara. A wancan tsari ɗan wasa yana wakiltar jihar da yake wasa a cikinta ne. Da kuɗin injinan caca ya kwashe gwanayen Queensland zuwa Sidni, sai ya zama 'ya'yanta ne ke sa shuɗiyar rigar New South Wales suna lallasa ta. Bayan 1959 Queensland ba ta sake cin jerin wasannin shekara ba, 'yan kallo a Sidni suka daina zuwa.

Shugaban hukumar Queensland, Ron McAuliffe, ya matsa a gwada zaɓen 'yan wasa bisa jihar asali, shugaban NSWRL na lokacin, Kevin Humphreys, ya amince. Ranar 8 ga Yuli, 1980, aka yi gwajin a filin Lang Park na Brisbane. Jaridun Sidni da dama sun ɗauka wasan banza ne, don a ganinsu abokan kulob ɗaya ba za su yi wa juna da gaske ba. Arthur Beetson, ɗan asalin ƙabilun farko na ƙasar, mai shekara 35, ya jagoranci Queensland, kuma a tsakiyar wasa ya kai wa Mick Cronin, abokin wasansa a Parramatta, duka. Mal Meninga, wanda ya cika shekara 20 a ranar, ya buga ƙwallo bakwai tsakanin sanduna. Queensland ta ci 20 da 10.

Daga 1982 karawar, mai suna State of Origin, ta zama wasanni uku duk shekara. Tawagar New South Wales, wadda ake kira Blues, ta fara cin jerin a 1985 a ƙarƙashin kyaftin Steve Mortimer. Ta jera uku daga 1992 zuwa 1994, ta sake jera uku daga 2003 zuwa 2005. Daga nan Queensland ta yi kaka-gida shekara takwas, 2006 zuwa 2013, kafin Blues su karya lagonta a 2014 da Laurie Daley a matsayin koci. Sun kuma ci a 2018, 2019, 2021 da 2024. Wasannin nan na cikin shirye-shiryen talabijin da aka fi kallo a Ostareliya kowace shekara.

Fita daga Sidni

Shekarun 1970 sun kawo talabijin mai launi da tallan kamfanoni a kan riguna. A 1974 aka ƙirƙiro gasar dare ta tsakiyar mako, Kofin Amco, musamman don talabijin, kuma tawagar karkara ta Western Division ce ta ba kowa mamaki ta lashe na farko. Manly ta ci babbar gasar sau huɗu a wannan zango, Eastern Suburbs ta koci Jack Gibson ta ci a 1974 da 1975. A 1977 St George da Parramatta suka tashi kunnen doki, 9 da 9, aka sake karawa bayan mako guda St George ta ci 22 da nema.

A 1982 wani kamfanin taba sigari ya ɗauki nauyin gasar, sunanta ya koma Kofin Winfield, aka kuma shigo da Canberra da Illawarra, kulob na farko daga wajen Sidni tun fitar Newcastle a 1909. Shekarar 1983 ta zo da girgiza. Humphreys ya yi murabus bayan wani shirin talabijin ya tono zargin almundahana, bashi ya fitar da Newtown daga gasar, aka so a kori Western Suburbs ma amma kotu ta hana. Aka sake fasalin hukumar ta zama kamfani mai ƙaramar majalisar gudanarwa, aka taƙaita sunanta zuwa NSWRL. Ken Arthurson da John Quayle ne suka ja ragamar sabon zamanin. Suka tsaurara hukunci a kan doke-doke a fili, suka ɗauko mawaƙiyar Amurka Tina Turner ta yi wa gasar talla don jawo mata da iyalai, suka kafa iyakar albashi a 1990.

A 1988 aka ƙara Newcastle Knights, da Brisbane Broncos, da wani kulob na Gold Coast. A 1989 Canberra ta doke Balmain 19 da 14 bayan ƙarin lokaci, kambu ya bar Sidni karo na farko. Brisbane ta ɗauke shi zuwa Queensland a 1992 da 1993. Gasar da ke ɗauke da sunan jiha ɗaya ta riga ta zama ta ƙasa. Wasan ƙarshe na 1994, wanda Canberra ta ci Canterbury 36 da 12, shi ne na ƙarshe a ƙarƙashin NSWRL. A 1995 hukumar ƙasa, ARL, ta karɓi gasar da kulob 20, har da na Perth, Townsville da Auckland ta Niyu Zilan. A wannan shekara ce kuma dokar hana tallan taba ta kawo ƙarshen Kofin Winfield.

Yaƙin Super League

Talabijin na biya ne ya kawo rikici mafi muni. Kamfanin News Limited na Rupert Murdoch yana neman wasan don sabuwar tasharsa, alhali haƙƙin nunawa yana hannun ɓangaren Kerry Packer. A 1995 kamfanin Murdoch ya shiga sayen kulob-kulob da 'yan wasa a asirce don kafa gasarsa, Super League. Albashi ya yi tashin gwauron zabo, abokai suka ɓata. A Fabrairun 1996 kotu ta ba ARL gaskiya, a Oktoba kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. A 1997 aka yi gasa biyu: ta ARL mai kulob 12, wadda Newcastle ta ci, da ta Super League mai kulob 10, wadda Brisbane ta ci. Kowane ɓangare ya tafka asara, dole aka sasanta, aka kafa gasar NRL a 1998.

Tsofaffin kulob-kulob na Sidni ne suka ɗanɗana kuɗarsu, domin yarjejeniyar ta ce a rage yawan kulob zuwa 14 kafin 2000. St George ta haɗe da Illawarra, Balmain da Western Suburbs suka zama Wests Tigers, haɗin North Sydney da Manly ya watse bayan 'yan shekaru, North Sydney ta tsinci kanta a waje. South Sydney ta ƙi haɗewa da kowa, aka kore ta. Dubun-dubatar magoya baya suka yi zanga-zanga a titunan Sidni, aka kai ruwa rana a kotu, ta dawo a 2002. A 2012 aka kafa hukuma mai zaman kanta ta ƙasa, News Limited ya janye daga mallakar gasar.

Karkara

Wasan karkara ya daɗe da tsarinsa. A 1934 aka kafa Country Rugby League, wadda ta raba jihar shiyya-shiyya da lambobi: Shiyya ta 9 a yankin Riverina, ta 7 a gaɓar kudu, ta 10 da ta 11 a yamma, wajen Bathurst, Orange da Dubbo. A Riverina an yi Kofin Maher daga 1920 zuwa 1971, kofi ne na ƙalubale, wanda garin da ke riƙe da shi zai kare shi a gida daga duk mai nema. Garuruwa irin su Tumut, Gundagai, Young da Cootamundra kan tashi kusan gaba ɗaya su bi tawagarsu a jirgin ƙasa. Tun 1937 ake ba kulob ɗin karkara da ya fi kowa bajinta a shekara Kofin Clayton. Karawar Birni da Karkara, wadda aka fara a 1911, ta zama ta shekara-shekara daga 1928, aka daina ta a 2017. A 2019 hukumar karkara ta narke cikin NSWRL, jihar ta koma ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Gasannin yau

Babbar gasar hukumar yanzu ita ce Kofin New South Wales, magajin gasar 'yan wasa na biyu da aka fara tun 1908. A nan 'yan wasan NRL da ba su samu shiga ba, ko masu dawowa daga jinya, ke haɗuwa da matasa masu tasowa. A nan kuma Newtown da North Sydney suka ci gaba da rayuwa da rigunansu na asali. Newtown ta lashe kofin a 2012, 2019 da 2024. Tun 2014 zakaran wannan gasa kan kara da zakaran Kofin Queensland a ranar babban wasan ƙarshe na NRL.

Ƙasa da shi akwai matakan shekaru, kowanne da sunan wani tsohon jami'in hukumar. Kofin Jersey Flegg na 'yan ƙasa da shekara 21 an fara shi a 1961, ya tsaya daga 2008 zuwa 2017 lokacin da NRL ke gudanar da gasar matasa ta ƙasa, ya dawo a 2018. Kofin SG Ball na 'yan ƙasa da 19 ya faro a 1965, Kofin Harold Matthews na 'yan ƙasa da 17 a 1970. Yaran karkara na da Kofin Andrew Johns da Kofin Laurie Daley. Ga manya masu haɗa wasa da wani aiki akwai Kofin Ron Massey da Garkuwar Sidni. Wasu daga cikin gasannin nan sun tsallaka iyakar jiha: Warriors ta Niyu Zilan da Melbourne Storm na sa tawagogi, ita ma Kaiviti Silktails ta ƙasar Fiji ta fara a Kofin Ron Massey ta koma Jersey Flegg a 2024.

Wasan mata shi ne ɓangaren da ya fi saurin girma. An yi wasan mata na farko a Sidni a Satumbar 1921, inda Maggie Moloney ta dire ƙwallo sau huɗu, amma rashin goyon bayan hukuma ya sa abin bai ɗore ba. Karawar mata tsakanin jihohin biyu ta fara a 1999, Queensland ta mamaye ta shekaru da dama. A 2018 aka ba ta sunan State of Origin, New South Wales ta ci na farko 16 da 10 a filin North Sydney, kuma daga 2024 ta zama wasanni uku kamar ta maza. Hukumar na gudanar da gasar manyan mata ta jiha, da Kofin Tarsha Gale na 'yan ƙasa da 19 wanda aka fara a 2017, da Kofin Lisa Fiaola na 'yan ƙasa da 17.

Hedikwatar NSWRL, wadda ta daɗe a titin Phillip a tsakiyar Sidni, yanzu tana dandalin Olamfik na birnin, inda take da cibiyar horar da tawagoginta. Kaso mai yawa na kuɗin gudanar da ita yana zuwa ne daga hukumar ƙasa, wadda ke sayar da haƙƙin nuna NRL da State of Origin. Aikinta shi ne rajistar 'yan wasa tun daga yara, horar da alƙalan wasa da koci-koci, tsara gasannin birni da karkara, da zaɓen tawagogin maza da mata da ke wakiltar jihar.